Yadda na shawo kan ƙarancin lokaci a rubutun IELTS

Sau uku ina gwada sashen rubutu na IELTS, wato jarrabawar auna ƙwarewa a Turanci, a ɗakina da ke Jidda, kuma kowane karo awa ɗayar da ake bayarwa don ayyuka biyu na sashen takan ƙare ban kammala maƙalar aiki na biyu ba, wadda ake buƙatar kalmomi 250 aƙalla. Da na duba takardun, sai na gane ina ɓata kusan rabin awa wajen bayanin jadawalin aiki na farko, alhali makin na biyu ya ninka nasa. Sai na juya tsarin: bayan sallar Isha'i nakan fara da maƙalar, in ba ta minti 40, biyar daga ciki na tsara hujjoji da fensir, sannan in koma kan jadawalin. A gwaji na huɗu har minti uku suka rage mini na gyaran nahawu.