Yadda za ka tuƙa kwale-kwale a Kogin Neja ka dawo gida lafiya

Da farko saka rigar ruwa, layif jaket ɗin nan, ka ɗaure ta tam, ko ka iya iyo kamar Basarke masunci, ruwa ba ya duba wannan.

Sannan duba jirgin ko yana yoyo, ka ɗauki ƙwarya ta kwashe ruwa da filafili na biyu, kaya kuma a tsakiya, kar a cika lodi don Allah.

Tambayi masunta inda dorina take, wajen Yauri akwai su, in ka hango ta, ka yi nesa kawai. Ƙasan madatsar Kainji kuma in an saki ruwa igiyar ruwan tana canzawa nan take.

Kar ka shiga da dare. In jirgi ya kife riƙe shi, kar ka ce sai ka yi iyo zuwa gaɓa.