Yadda na sassauta tamfol ɗin rufin tsohuwar Volkswagen

Alhamdu lillahi, rufin ya tashi har ƙarshe.

Motar ta daɗe a ajiye a unguwar Asawase da ke Kumasi, rufin a naɗe, iskar hunturu ta busar da tamfol ɗin ya tsuke ya yi tauri. In an ɗaga sai ya tsaya a rabi, ɗinki yana ƙara. An zuba wa mahaɗan ƙarfen mai, ba canji. Wani a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya ce a shafa wa yadin man inji. Na ƙi, domin yana ɓata auduga.

Ruwan ɗumi ne ya yi aikin. Na ajiye motar a inuwa, na ɗaga rufin daidai inda yadin ya fara ja, na tokare shi da katako. Na jiƙa tamfol ɗin ciki da waje da soso, musamman kusurwoyi da bakin ɗinki, na bar shi minti 20. Sai na ƙara ɗagawa inci 2 kacal, na sake jiƙawa. Haka har ya miƙe. A miƙen nan na bar shi ya bushe sarai. In ka naɗe shi da danshi zai koma ya tsuke, ga fumfuna. Zif kuwa kyandir na goga masa.

Malam mai ɗinkin kujeru da ya ba ni wannan shawara, Allah ya saka da alheri.