Yadda za ka kai bincikenka teburin masu yanke shawara

Ina shekarata ta uku da fara koyar da tattalin arziki a jami'a na rubuta takarda mai shafi 40 kan farashin masara, na kai wata ma'aikata ina ta hura hanci. Bayan wata biyu na koma, na tarar an ɗora mata butar shayi. Laifina ne, ba nasu ba.

Ka fara da tambaya guda wadda ta hana gwamnati barci yau, misali yadda kuɗin dakon hatsi ya koma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Alƙaluma suna nan kyauta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da na hauhawar farashi duk wata, Babban Banki yana da kundinsa na shekara, ga kuma binciken gidaje da hukumar take yi da Bankin Duniya tun 2010.

Amma kada ka maƙale a Stata, manhajar nazarin alƙaluma a kwamfuta. Ka tafi Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta Kano, ka samu benci kusa da dillali, ka yi shiru. Shi zai nuna maka cewa mudun wannan kasuwa ba na waccan ba ne, buhu ma wani ya fi wani ciki, kuma farashin safe daban, na bayan la'asar daban. Kwamfutarka ba ta san wannan ba.

Kuɗin aiki kuwa, ka nemi na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta hannun jami'arka, ka kuma gwada AERC, cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka da ke Nairobi, inda manya za su yi wa tsarin binciken da ka gabatar fata-fata kafin su ba ka ko sisi. Da zafi, amma da amfani.

Sai rubutu, kuma sau biyu za ka yi shi. Na mujalla domin ƙarin girma. Na ma'aikata shafi biyu kacal, ba lissafi ko ɗaya: me za a yi, nawa zai ci, wa zai yi asara. Ni 'yan aji ɗaya nake ba su karanta. In na ga sun yi tsuru-tsuru, na sake.

Kada ka bi layin kwamishina. Daraktan tsare-tsare za ka nema, ka miƙa masa hannu da hannu tun ba a fara haɗa kasafin kuɗi ba, da lambar wayarka a saman shafin farko.