Kurakuran da suke lalata wa mutane waya

Na gaji da ganin mutum ya sayi sabuwar waya, ko wata biyu ba a yi ba ya kawo min ita wai ta yi nauyi. Sau da yawa laifin na mai riƙe da ita ne.

Mafi muni shi ne ka bar yaron shago ya buɗe maka asusun Gmail, ka kama hanya ba ka san kalmar sirrin ba. Ni wannan ya ci ni. Yaron ya ce, "Yallaɓai, kawo in saita maka," ya danna nan ya danna can, ya miƙo min. Bayan shekara wayar ta fara maƙalewa, sai na goge ta gaba ɗaya ta maɓallan gefe. Tana kunnuwa ta nemi tsohon asusun. Tun daga Android 5.1 aka sa wannan kulle don kada ɓarawo ya mori wayar sata, ni kuwa ga ni da tawa a hannu kamar ɓarawon. Na koma shagon, aka ce yaron ya bar aiki. Lambobin abokan cinikina da hotunan sunan 'yata suna can cikin asusun har yau. Yanzu da hannuna nake buɗe asusu, in haɗa shi da lambata, in rubuta kalmar sirrin a littafin da nake ajiyewa tare da takardun gida.

Sai masu danna "Allow" duk lokacin da wani shafi ya tambaya a Chrome. Haba jama'a, karantawa fa ba ta cizo! Washegari sanarwa ta fara zuba wai cuta ta kama wayarka, ka tsorata ka sauke manhajar wanke waya, alhali ita ce za ta cika ka da talla. Ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga Settings, Site settings, Notifications, ka toshe duk shafin da ba ka gane ba.

GB WhatsApp kuwa, wato WhatsApp ɗin da ba na kamfanin asali ba, ka cire shi kafin a rufe maka lamba. Manhajar banki kada ka karɓe ta ta Xender, daga Play Store kawai. Sabunta manhajoji ka mayar da shi kan Wi-Fi, in ba haka ba datarka ta ƙare kana barci. In wurin ajiyar waya ya cika, "Clear cache" za ka danna, mai share tarkacen wucin gadi na manhaja kawai. "Clear data" a WhatsApp yana kwashe hirarrakin da ba ka adana ba.