Darasi na 9: Lemon Kankana da Lemon Tsamiya Don Kwanakin Bazara

Bazara ta kama. Daga watan Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, rana takan buɗe sosai. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafi yakan kai digiri 40, wani lokaci har ya wuce. Yara su dawo daga makaranta leɓe a bushe. Maigida ya shigo yana fifita da hula. Kowa abin da yake tambaya ɗaya ne: akwai wani abu mai sanyi?

Ba dole sai an aika kanti an sayo lemon kwalba ba. A wannan darasi za mu koyi haɗa lemo iri biyu da kayan da ke kasuwarmu, kuma za mu yi karatu da rubutu da ɗan lissafi a kan hanya.

Kalmomi biyu a kan allo

kankana
ƙanƙara

Ku karanta su da ƙarfi sau uku. Ta farko kayan marmari ce mai koren baya da jan ciki. Ta biyu ruwa ne da ya daskare. Ku lura da harafin farko. A kalmar kankana, k ɗin a miƙe yake. A kalmar ƙanƙara, ƙ ɗin yana da lanƙwasa a kansa, kuma sautinsa daga can cikin maƙogwaro yake fitowa. Har gari akwai mai suna Ƙanƙara a Jihar Katsina.

Wata ɗalibarmu ta taɓa rubuta wa ɗanta takardar aike, ta manta lanƙwasar, hannunta kuma bai fitar da n da r sosai ba. Yaro ya je kasuwa ya tsaya yana juya takarda, bai san ko kankana zai sayo ko ƙanƙara ba. Daga ƙarshe ya raba kuɗin biyu ya sayo kowanne kaɗan. Ajin ya sha dariya da ta ba da labari, amma tun ranar babu wadda ta ƙara mantawa da lanƙwasa.

Ruwan tukuna

Yawancin mutane idan za su haɗa lemo, tunaninsu yana kan sukari da kayan ƙamshi. Ni kuwa ina ganin ruwa ne gaba da komai. Lemo ba dafa shi ake yi ba, saboda haka duk ƙwayar cutar da ke cikin ruwan, kai tsaye cikin mai sha za ta wuce. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da abin da ke kawo gudawa ko zazzaɓin taifot ko amai da gudawa. Ido ba ya ganinsu.

Idan ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa, a ɗora shi a wuta. Idan ya tafasa yana ɓul-ɓul, a bar shi ya yi minti 1 cur a haka, sannan a sauke, a rufe, a bar shi ya huce. Mai dabara takan tafasa tun da daddare bayan ta sauke tuwo, da sauran garwashin da ya rage, ta juye a randa mai murfi. Kafin hantsi ruwan ya yi sanyi, kuma ba ta ƙona ice na musamman ba.

A wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, domin hannun nan zai shiga cikin tsamiya. A wanke wuƙa da roba da rariya da ludayi. Ita ma kankanar a wanke bayanta kafin a yanka. Wasu sukan ce ai ba ɓawon za a ci ba. Gaskiya ne, amma wuƙa ta kan ɓawon take bi ta shiga ciki, ta tafi da ƙurar hanya da dattin hannun duk wanda ya ɗaga ta a kasuwa.

Ma'auninmu a wannan darasi shi ne lita. Ledar fiya wata guda 1 rabin lita ce. Leda 2 lita 1 ke nan. Kofin shayi madaidaici 4 su ma sun kusa lita 1.

Lemon kankana

Kankana kusan duk ruwa ce, fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinta. Shi ya sa take kashe ƙishirwa, kuma lokacin da aka fi bukatarta ne take cika kasuwa, daga gonakin noman rani. Wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano a wannan lokaci ya ga yadda ake sauke ta tuli-tuli daga manyan motoci.

Wajen zaɓe, a ɗaga ta a ji. Mai kyau tana da nauyi fiye da yadda girmanta ya nuna. A juya ta a dubi gefen da ya kwanta a ƙasa tun tana gona. Idan wurin ya yi rawaya-rawaya, ta nuna. Idan fari ne fat, an tsinke ta da wuri. Akwai masu ƙwanƙwasa ta da yatsa su saurari amo, kuma wanda kunnensa ya saba ba ya cika yin kuskure. Wadda aka riga aka yanka aka jera a faranti a bakin titi, ƙuda na sauka yana tashi, ba ta lemo ba ce, komai araharta.

Kayan haɗi: yankakkiyar kankana kofi 6, tafasasshen ruwa kofi 1, lemon tsami 1, ɗanyar citta kamar tsawon gaɓar yatsa.

A yanka jan cikin ƙanana, a tsince 'ya'yan. Mai na'urar markaɗe ta zuba ta markaɗa. Wadda ba ta da ita, ko aka ɗauke wuta, kada ta damu. A zuba a roba mai tsabta a daddanna da bayan ludayi ko muciya har ya zama ruwa, kankana ba ta da gardama. A kankare ɓawon citta, a daka ta, a jiƙa a cikin kofin ruwan nan na ɗan lokaci, a tace a kan kankanar. A matse lemon tsami. Sai a tace duka da rariya mai laushi. Za a sami kusan lita 1.

Ba mu ambaci sukari ba, kuma da gangan ne. A ɗanɗana tukuna. Nunanniyar kankana ta isa da kanta. Idan aka yi rashin sa'a aka sami lami, to a sa cokali 1 ko 2, ba a wuce haka ba. Abin sha idan zaƙinsa ya yi yawa, da an ajiye kofi ƙishirwa take dawowa.

Aibin lemon kankana ɗaya ne: ba ya jure ajiya. Idan babu firij ko kula, a shanye shi cikin awa 2. Ba abin da za a haɗa da safe a ajiye wa mai buɗe-baki ba ne. A lokacin azumi a bari sai bayan la'asar.

Lemon tsamiya

Tsamiya tsohuwar abokiyar zama ce a gidan Bahaushe. Da ita ake kunu, da ita ake ruwan tuwo, kuma busasshiyarta takan yi watanni a ɗaki ba ta lalace ba. A nemi mai kyau wadda ƙwaro bai huda ba. Idan aka ɓare aka ga gari-gari a ciki, ƙwaro ya riga mu.

Kayan haɗi: tsamiya cikin tafin hannu 2, tafasasshen ruwa lita 2, ɗanyar citta, kanumfari ƙwaya 5 ko 6, sukari babban cokali 6 zuwa 8.

A cire ɓawo da jijiyoyin, a ɗauraye ta da sauri don ƙura ta fita. A zuba mata ruwan ɗumi lita 1, a rufe, a bar ta kamar awa 1. Ruwan ɗumi ya fi saurin jiƙa ta. Idan ta yi laushi a sa hannu a dama, a mutsuttsuka har naman ya rabu da ƙwallon. A tace. Kada a zubar da tuƙar tukuna, a ƙara mata ruwa kaɗan a sake damawa a sake tacewa, akwai sauran tsami a jikinta.

A gefe guda a daka citta da kanumfari, a tafasa su a ruwa kofi 1 na minti 5, a bari ya huce, a tace a kan ruwan tsamiyar. A cika da sauran ruwan, a sa sukari, a juya har ya narke. Mai son ɗan yaji ta ƙara masoro kaɗan. Ganyen na'a-na'a ma yana ƙara ƙamshi. A madadin sukari ana iya sa mazarƙwaila, ko a jiƙa dabino a dama a tace. Ni dai na fi son na mazarƙwaila, yana da wani ɗanɗano da farin sukari ba ya bayarwa, ko da yake launin yakan yi duhu.

A kula da mazubi. Tsami yana cin ƙarfe, don haka kada a jiƙa tsamiya ko a bar lemonta ya daɗe a bokitin ƙarfe. Roba mai tsabta ko kwalba ta fi.

Idan mangwaro ya shigo, ana iya yi masa yadda aka yi wa kankana, sai dai shi yana da kauri, yana son ruwa da yawa, kuma mai zare sai an tace shi sau biyu.

Yadda za a sanyaya

Mun dawo kan kalmarmu ta biyu. Ƙanƙarar da ake sayarwa a unguwa, ba mu san da wane ruwa aka yi ta ba, kuma daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Mutum ya sha wahalar tafasa ruwa, sannan ya fasa ƙanƙarar da bai san asalinta ba ya jefa a ciki, ya yi aikin baban giwa ke nan. Abin da za a yi shi ne a ɗura lemon a gora, a rufe bakin da kyau, a sa gorar a kula, a jera ƙanƙarar a gefenta. Sanyi ya shiga, ruwan ƙanƙara bai shiga ba.

Inda babu ƙanƙara, akwai randa. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu. Iska tana busar da wannan danshi, kuma duk ruwan da ya bushe yakan tafi da zafi. Haka gumi yake sanyaya jikin mutum. Wannan ya fi aiki a bazara da iska take a bushe, da damina kuwa ƙarfinsa yakan ragu. Ana iya tsoma rufaffiyar gora a ruwan randa, amma a ware randar daban, ba ta ruwan sha ba. Ko kuma a naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma a rataye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A sa ƙaramar cikin babbar, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. A riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Wani malami da ya koyar a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ne ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka don adana kayan miya da kayan marmari, har ya sami lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex a shekarar 2000.

Wa zai sha, wa zai dakata

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ake ba shi, ko da ana tsananin zafi. Uwar ce za ta yawaita shan ruwa. Yaron da bai cika shekara 1 ba, ba a ba shi zuma. Mai ciwon sukari a ɗebar masa nasa kafin a sa zaƙi, kuma ya bi abin da likitansa ya gaya masa, domin kayan marmarin ma suna da nasu sukarin. Mai gyambon ciki ya yi a hankali da tsamiya da lemon tsami.

Lemo kuma ba maganin gudawa ba ne. Yaro idan yana zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti da ake samu a asibiti ko kemis. Idan babu, a haɗa: tafasasshen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kai shi asibiti.

Duk lemon da ya fara kumfa, ko gorarsa ta kumbura, ko warinsa ya sauya, a zubar.

Ga mai son yin sana'a

Mata da yawa da lemon tsamiya da zoɓo suke rufa wa kansu asiri a bazara. Mai sha'awa ta fara da kaɗan, ta rubuta duk abin da ta kashe a littafi, har kuɗin ice da ƙanƙara, domin su ne ake mantawa a ɗauka an ci riba. Gorunan da yara suka tsinto a bola ko a bakin asibiti ba na zuba abin sha ba ne. A sayi sababbi, ko a yi amfani da na gida da aka wanke da sabulu da ruwan ɗumi.

Aikin aji

1. Ku rubuta kowace kalma sau 5: kankana, ƙanƙara, ƙishirwa, tsamiya, zoɓo, ɗanɗano. Ku ja layi a ƙarƙashin duk harafi mai lanƙwasa.

2. Me ya sa ake wanke bayan kankana alhali ba a cin ɓawon? Kowa ya amsa da jimla ɗaya.

3. Idan za a haɗa lita 4 na lemon tsamiya, tsamiya cikin tafin hannu nawa za a jiƙa?

4. A ce an haɗa lita 6, kowace gora tana cin rabin lita. Gora nawa za a samu? A ce an kashe naira 1,800 a kayan haɗi, an sayar da kowace gora naira 250. Nawa aka samu gaba ɗaya, nawa ne riba? Waɗannan kuɗi misali ne kawai. Ku sake lissafin da farashin kasuwarku.

Aikin gida: kowa ya rubuta takardar aike ta kayan lemon tsamiya da hannunsa, ya ba wani a gida ya karanta masa. A zo da takardar ranar darasi na gaba.