St-Pierre-Jolys: abin da sabon zuwa ya kamata ya sani kafin ya sauke kaya

'Yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Cadi masu jin Faransanci sun fara jin sunan wannan ƙauye ne tun Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Kanada ta sa shi cikin wurare shida da za su karɓi ma'aikata masu jin Faransanci a wajen lardin Kebek, su ba su takardar zaman dindindin. Ana buƙatar tayin aiki daga wanda aka amince wa ɗaukar baƙi, da shaidar aikin shekara ɗaya cikin shekaru uku da suka wuce, da Faransanci mataki na 5 a ma'aunin Kanada. Duk wanda ya ce ku biya shi ya sayar muku da tayin aiki, ɗan damfara ne.

Ƙauyen yana lardin Manitoba, kusa da wani ƙaramin kogi da ake kira Rivière aux Rats, kimanin kilomita 50 kudu da Winnipeg a kan hanya mai lamba 59. Ƙidayar 2016 ta sami mutum 1,170, ta 2021 kuma 1,305. Wato wata unguwa ɗaya a Maraɗi ta fi shi jama'a nesa ba kusa ba. Kafin ku yi mako guda kowa ya san da zuwanku, ya san gidan da kuka kama.

Métis ne suka fara zama a nan a shekarun 1870, jikokin 'yan asalin ƙasar da Faransawa masu fataucin fatu. Daga baya manoma suka biyo su daga Kebek, aka kafa cocin Katolika a 1877, kuma rabin sunan garin na wani limamin coci ne, Jean-Marie Jolys, wanda ya zo daga Faransa ya daɗe yana jagorancinsu. Abin da zai fi yi muku amfani a tarihin shi ne wahalar da suka sha a kan harshe. Manitoba ta shiga tarayyar Kanada a 1870, bayan gwagwarmayar Louis Riel, jagoran Métis, da alkawarin Faransanci da Ingilishi za su tafi kafaɗa da kafaɗa. A 1890 majalisar lardin ta soke matsayin Faransanci, a 1916 kuma ta hana koyarwa da shi. Malamai suka ci gaba da koyarwa a ɓoye, suna ɓoye littattafai idan sufeto ya taho. Sai a 1994 masu jin Faransanci suka sami hukumar makarantu tasu. Shi ya sa dattijon garin yake jin daɗi idan baƙo ya fara gaishe shi da Faransanci, kuma shi ya sa ake neman irinku.

Amma kada wannan ya ruɗe ku. Kusan kowa a garin yana jin Ingilishi, matasa da yawa ma da shi suka fi hira, kuma da zarar kun nufi birnin Steinbach da ke kusa ko yawancin unguwannin Winnipeg, Ingilishi ne kaɗai. Ku fara koyonsa tun watan farko. Faransancin nasu ma sai kunne ya saba: abincin rana shi ne dîner, na dare souper, mota kuma char. An gayyace ku dîner kun je da magariba, kun makara da awa shida.

Wajen sa yara makaranta a lura sosai. École communautaire Réal-Bérard ta masu Faransanci ce tun daga gida. Akwai kuma tsarin da ake koya wa 'ya'yan masu Ingilishi Faransanci, wanda ba ɗaya suke ba. Yaron da ya taso da Faransanci a Yamai ko Garwa, ta farkon ce ta dace da shi.

Akwai cibiyar ayyukan gwamnati mai harsuna biyu a cikin garin, da ƙaramin asibiti. Ku nemi lambar aiki ta SIN da katin lafiya na Manitoba tun makon farko. Kuɗin ajiya na haya bai wuce rabin kuɗin wata ɗaya ba bisa dokar lardin.

Mota dole ce, domin ba bas na cikin gari. Lasisin da kuka zo da shi yana aiki wata uku kawai, bayan nan sai jarrabawar MPI, hukumar lasisin tuƙi da inshorar mota ta lardin, ta rubutu da ta tuƙi. Ku taho da takardar da ke nuna shekarun da kuka yi kuna tuƙi. A Janairu sanyi yana kai digiri 30 ƙasa da sifili, man inji ya yi kauri, batir ya mutu. Motocin nan suna da wayar ɗumama inji a gaba; idan sanyi ya wuce 18 ƙasa da sifili, a jona ta da lantarki awa uku zuwa huɗu kafin tashi. Tayoyin hunturu kuwa a sa su kafin ƙarshen Oktoba.

Kogin ƙarami ne, amma ƙasar shimfiɗaɗɗa ce kamar faranti, kuma ruwansa yana zuba ne a Kogin Red. Idan ƙanƙara ta narke a Afrilu, ruwa ya rasa inda zai bi. A ambaliyar 1997 ƙauyen Ste. Agathe da ke kusa ya nutse. Kafin ku kama gida mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ku tambaya ko famfon fitar da ruwa yana aiki, ku kuma tambayi kamfanin inshora ko ambaliya tana cikin yarjejeniyar, domin sau da yawa sai an ƙara ta daban.

Masallatan Juma'a da shagunan naman halal galibi a Winnipeg suke. Babban masallacin yana titin Waverley. Yawancin iyalai sukan sayo naman wata guda su zuba a firiza. Garin yana bikin dafa ruwan zaƙin itacen maple a bazara, kuma a nan aka fara bikin tsallen kwaɗi a 1970, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta ziyarce su. Ku je, a nan ake sabo da mutane. Sai dai ku tambayi abin da ke cikin tukunya: miyar wake da tourtière, wani gasasshen abincin fulawa mai nama a ciki, galibi da naman alade ake yin su.