Yadda ake haɗa tankin gilashi na ƙananan kifayen ado a gida

Yawancin kifayen ado da ke mutuwa a makon farko, ba cuta ce ke kashe su ba. Ruwan ne bai shirya ba. Don haka kifi shi ne abu na ƙarshe da za ka saya.

Fara da tanki mai ɗaukar lita 80 zuwa 100. Ƙaramin tanki na lita 20 ya fi wahalar kulawa, domin ɗan datti kaɗan ke lalata ruwansa, kuma zafi na saurin shigarsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, idan ka haɗa da gilashi da tsakuwa, tankin lita 100 zai haura kilo 120. Ka ɗora shi a kan teburi mai ƙarfi wanda bai karkace ba, ka shimfiɗa soso ko roba a ƙarƙashinsa, nesa da tagar da rana ke shigowa. Hasken rana kai tsaye na sa gansakuka ta rufe gilashin.

Sauran kayan su ne: matatar ruwa mai soso wadda za ta iya juya ruwan tankin kamar sau huɗu a awa, famfon iska, ma'aunin zafi, fitila, maganin cire kulorin, da kayan gwajin ruwa na amoniya, naitirait da naitiret. Wanke tsakuwa da ruwa zalla har sai ruwan ya fito fes, ka zuba kaurin santimita 4 zuwa 5. Sabulu ko omo kada su kusanci komai na tankin.

Ruwan famfo na ɗauke da kulorin, wanda ke ƙona sassan da kifi ke numfashi da su ya kuma kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Sa maganin daidai ƙa'idar da ke jikin kwalba. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, amma sau da yawa yana da gishirin ma'adini da yawa, wanda ya dace da wasu kifaye bai dace da wasu ba.

Nan ne mutane ke gaggawa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, mai guba. Wasu bakteriya da ke zama a cikin soson matata suna mayar da ita naitirait, ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda kifi ke jurewa idan ba ta yi yawa ba. Waɗannan ƙwayoyin ba sa nan a sabon tanki. Kunna matata, ka riƙa jefa ɗan abincin kifi kullum ya ruɓe, kana gwada ruwan sau biyu a mako. Amoniya za ta hau, ta sauka, naitirait ta biyo baya. Idan duka biyun suka koma sifili kuma naitiret ta bayyana, tanki ya shirya. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6. Soso daga tankin da ya daɗe yana aiki lafiya yana rage wannan jira sosai.

Zaɓin kifi kuma ya bi ruwanka da zafin ɗakinka. Gofi (guppy) da fulati (platy), ƙananan kifaye masu launi, suna son ruwa mai ma'adini, suna da juriya, su ne mafi sauƙi ga mai farawa. Ka sa namiji ɗaya ga mata biyu ko uku, in ba haka ba maza za su gajiyar da mace da bi. Suna haihuwa kusan duk wata, ka san inda za ka kai 'ya'yan. Zebra daniyo daga Kudancin Asiya da niyon tetra daga kogunan Amazon kifayen garke ne, ƙasa da shida suna firgita su ɓuya. Niyon tetra ya fi son ruwa marar ma'adini da yawa, kuma zafi sama da digiri 27 na wahalar da shi. Ga ƙasan tanki, korido (corydoras, ƙananan dangin tarwada) shida sun isa, amma tsakuwar ta zama mai santsi don kada ta cinye musu gashin baki. A tankin lita 100, gofi shida, daniyo takwas da korido shida sun wadatar.

Kada ka haɗa su da kifin zinare, mai son ruwa mai sanyi ne kuma yana yawan kashi. Oska da ɗan tarwada za su haɗiye duk wanda ya shiga bakinsu. Fileko da ake sayarwa a matsayin mai share gilashi yana girma ya wuce santimita 30.

Zuba kifi rukuni-rukuni, tazarar mako biyu. Bar ledar da aka kawo kifin a ciki ta yi yawo a saman ruwa minti 15 zuwa 20, sannan ka kwaso kifin da raga, ruwan ledar ka zubar waje. Abinci sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Duk mako ka canza kashi 25 cikin ɗari na ruwan. Soson matata a wanke shi cikin ruwan da ka ɗebo daga tanki, domin ruwan famfo zai kashe bakteriyar.

Ana son zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. A bazara ruwa mai zafi yana rasa iskar shaƙa, za ka ga kifaye sun taru a sama suna haki. Ƙara iska, ɗaga murfi ka sa raga a madadinsa, ka kunna fanka ta busa saman ruwan. A daren hunturu kuma na'urar ɗumama ruwa mai wat 100 ta ishi lita 100. Sanyi kwatsam yakan raunana kifi har cutar fararen ɗigo-ɗigo ta kama jikinsa.

Idan an ɗauke wuta, famfon iska mai batir ne zai riƙe su, kuma a daina ba su abinci har wutar ta dawo. Matatar da ta tsaya awanni da yawa, a ɗauraye sosonta da ruwan tanki kafin a sake kunna ta, sannan a gwada amoniya kwana biyu a jere.